Sanyin Hunturu da Noman Rani

Daga watan Disamba zuwa Janairu ɗari yakan tsananta a ƙasar Hausa. A Kano ma'aunin zafi yakan sauko zuwa digiri 12 da asuba. Ba kowace shuka ke jure wannan ba.

Alkama 'yar sanyi ce. Da sanyi take yin 'ya'ya da yawa a gindi. Shi ya sa malaman gona suke cewa a shuka ta daga tsakiyar Nuwamba zuwa farkon Disamba. Wanda ya bari sai Janairu, zafin Maris zai riske ta tana zuba ƙwaya, ƙwayar ta motse. Albasa, kabeji, karas da dankalin Turawa su ma suna son sanyi.

Shinkafa kuwa ba ta shiri da ɗari. Idan aka zuba iri cikin tsananin sanyi, yakan daɗe bai tsiro ba. Wanda ya tsiro sai ganyensa ya yi rawaya, ya ƙi girma. Nan ne wasu manoma suke ruɗewa, su yi ta zuba taki. Asarar kuɗi ce, domin saiwar da sanyi ya kama ba ta iya shan takin sosai. Mafi muni shi ne sanyi ya same ta tana da ciki ko tana fure. Zangarniya za ta fito, amma ba ƙwaya a ciki, sai ƙaiƙayi. Masara da kuɓewa ma sukan tsaya cik, sai gari ya yi ɗumi.

A duwatsun Azbin na ƙasar Nijar, wani daren sanyin yakan kai digiri 0. A nan ne raɓa take daskarewa a kan ganye. Ruwan da ke cikin ganyen ya zama ƙanƙara, ya farfasa shi ta ciki. Da rana ta fito sai ganyen ya yi baƙi kamar wuta ta ƙona shi. Wannan yakan faru ne a daren da sama ta washe, iska kuma ta kwanta.

Iska mai sanyi tana da nauyi, tana gangarawa kwari ta kwanta. Saboda haka kada a yi bedin iri a can ƙasan fadama. A yi masa darni ta gabas da arewa, inda hunturu ke busowa. A ba da ruwa da rana, domin jiƙaƙƙiyar ƙasa ta fi busasshiya riƙe ɗumi. Da dare a rufe iri da ciyawa, a buɗe da hantsi.