Fadiyut: Ƙauyen Da Aka Gina A Kan Ɓawon Kumba

A Fadiyut ba a tafiya a ɓoye. Duk inda mutum ya sa ƙafa sai ƙasa ta amsa da ƙaras-ƙaras, domin tsibirin gaba ɗayansa tarin ɓawon kumba ne da kakannin kakanni suka ci naman cikinsa suka zubar, shekara bisa shekara, har tulin ya zama wurin zama. Ƙauyen yana gaɓar tekun Senegal, tafiyar kilomita 100 da 'yan kai kudu da Dakar, daura da garin Jowal inda aka haifi Léopold Sédar Senghor, shugaban ƙasar na farko, a 1906. Doguwar gadar katako ce ta haɗa su. Mota ba ta hawa ta, sai ƙafa da amalanken jaki.

Mutanen nan Serer ne, masunta kuma manoman gero. Maza su ke fita kamun kifi, su kuma tsallaka zuwa gonakinsu da ke can tudu idan damina ta sauka. Amma tsibirin kansa, in za a faɗi gaskiya, mata ne suka gina shi, kuma har gobe suna kan ginin. Idan ruwan teku ya janye, sai su ɗauki kwanduna su shiga taɓo, a sunkuye, suna tono kumba da hannu ko da ɗan cokali, wasu kuma suna ɓamɓaro kawa daga saiwoyin itatuwan da ke tsirowa cikin ruwan gishiri. Ba agogo ke tsara wannan aiki ba, janyewar ruwa ce. In sun dawo a tafasa, a ɓare, a shanya naman ya bushe don miya da kasuwa. Ɓawon kuwa ba shara ba ne. Da shi ake shimfiɗe lunguna, ana cuɗa shi cikin ginin bango, ana lulluɓe kabari da shi. Baƙon da ke ɗaukar hoton farar ƙasar nan yana ɗaukar guminsu ne, ko ya sani ko bai sani ba.

Akwai kuma rumbunan gero da aka kafa bisa dirkoki a tsakiyar ruwa, nesa da gidaje. Dabara ce ta tsare abinci daga ɓera da gobara: ko wuta ta cinye unguwa, hatsin shekara yana nan. A da, a kwalekwale ake zuwa ɗiba. Yanzu galibi masu yawon buɗe ido ake kaiwa su gani, kuma ina ganin ya dace a riƙa gyara su ko don yaran ƙauyen su san hikimar iyayensu.

Abin da ya fi jawo baƙi shi ne maƙabarta. Tana wani tsibirin na daban, shi ma na ɓawo, wata gadar ce ke kai mutum can. Ƙarƙashin manyan kukoki ga fararen gicciye jere, ga kuma kaburburan Musulmi an daidaita su da alƙibla, duk a tudu guda. Yawancin mutanen Fadiyut Kiristoci ne 'yan Katolika, a ƙasar da fiye da kashi 90 cikin 100 Musulmi ne. A nan aka haifi Kadinal Théodore-Adrien Sarr a 1936. Ƙauyen yana da coci, yana da masallaci. Baƙi kan yi ta mamakin maƙabartar, su kuwa mutanen gari ba su ɗauke ta abin mamaki ba, saboda a gida ɗaya za ka iske yaya Musulmi, ƙane Kirista. Wanda kuka sha nono ɗaya da shi, ina za ka kai shi in ya rasu? Da Babbar Salla, wadda suke kira Tabaski, nama yana shiga gidajen Kirista. Da Ista kuma Kiristoci ke dama ngalah, wani kunun gero da tunkuzar gyaɗa da garin 'ya'yan kuka, su aika wa maƙwabta Musulmi.

A ƙarƙashin addinan biyu akwai tsohuwar al'adar Serer da ba ta gushe ba: girmama magabata da suke kira pangol, da wata tsohuwar kuka da ake ganin ƙimarta. Unguwanni suna da rumfunan da dattawa ke zama su yi hira, su sasanta rigima tun ba ta kai gaban hukuma ba. Bayan girbi kuma sai kokawa, da kiɗa da waƙoƙin mata masu zuga gwanayensu, abin da duk wanda ya taɓa tsayawa a dandalin kokawa a Dosso ko Argungu zai gane nan take. Haka ma wasan taubasantaka da ke tsakanin Serer da Fulani da Jola, inda ake tsokanar juna ba a fushi.

Baƙi suna kawo kuɗi, ba shakka. Samari sun zama 'yan rakiya, mata na sayar da sarƙoƙin ɓawo a bakin lungu. Da yamma motocin baƙi su bar Jowal, gadar ta koma hannun masu ita, mata su hau ta da kwandunan kumba a kai.