Kalmar "Fresh" da Ruwan Kududdufi

Ɗalibin da ya buɗe ƙamus yana neman ma'anar kalmar Turancin nan "fresh", fassarar da zai fara tararwa ita ce "sabo". Ba laifi, sai dai babu wata kalmar Hausa guda ɗaya da ta ɗauke nauyinta baki ɗaya. "Fresh milk" madara ce wadda ba ta yi tsami ta koma nono ba. "Fresh fish" ɗanyen kifi ne, wanda ba a yi bandarsa ba. Amma "fresh bread" burodi ne da aka gasa yanzun nan, saboda haka "ɗanye" ma ba ta wadatar ba.

Inda ɗalibai suka fi yin tuntuɓe shi ne "fresh water". Da yawansu sukan ɗauka ana nufin tsabtataccen ruwan sha. Ko kusa. A kimiyyar halittu ma'anarsa ruwan da gishirinsa bai taka kara ya karya ba, wato ruwan daɗi, kishiyar ruwan teku da na zartsi. Wannan kuwa tana cikin ma'anonin kalmar mafi daɗewa, domin a tsohon Ingilishi ana faɗinta ga abin da ba shi da gishiri. Lita ɗaya ta ruwan teku tana ɗauke da gishiri kimanin giram 35, ta ruwan daɗi kuwa ba ta kai giram 1 ba. Bisa wannan ma'auni, Kogin Kwara da Tafkin Chadi duk "fresh water" ne. Haka ma kududdufin bayan gari, ko da ya yi kore shar da gansakuka.

Bambancin ya wuce batun cin jarrabawa. Tsutsar da ke haddasa tsargiya, wadda likita Theodor Bilharz ya gano a Alƙahira a 1851, tana hayayyafa ne a jikin wasu ƙananan katantanwa da ke zaune a ruwan daɗi. Daga nan 'ya'yanta ke fitowa su huda fatar mai wanka ko mai kamun kifi, bayan 'yan watanni a ga jini a fitsarinsa. Ruwan teku ba ya yaɗa ta. Ashe yaron da ya karanta cewa cutar tana cikin "fresh water", ya fahimce shi da ruwa mai tsabta, ya juya gargaɗin a baibai.

Ya kamata malami ya riƙa haɗa kalmar da kishiyarta a allo: ga burodi "stale", ga nama "rotten", ga ruwa kuwa "salt".