Kava: Wa Ke Shan Ƙoƙon Farko?

Akwai wata magana da na gaji da jin ta, wai kava giyar mutanen tsibiran Tekun Fasifik ce. Ba giya ba ce. Ba a tsima ta, ba a barin ta ta kwana ta yi tsami, kuma babu ɗigon barasa a cikinta. Saiwar wani tsiro ce ɗan dangin masoro, wadda ake dakawa a jiƙa da ruwan sanyi, a tace, a sha nan take. Ruwan launin ƙasa gare shi, ga ɗaci. Da an kurɓa sai harshe da leɓe su yi nauyi, jiki ya saki, murya ta sauka, ba hayaniya, ba neman faɗa. Ba wanke ta nake yi ba: wanda ya zarce zai yi tangaɗi ya ɓingire da barci, kuma wanda ya mayar da ita abin sha na kullum fatarsa kan bushe ta yi ɓawo, abin da mutanen Fiji ke kira kanikani. Amma wanda ya kira ta giya bai san abin da yake magana a kai ba.

Tsiron ba ya yin irin da za a shuka. Sai an yanki kara an dasa, a jira shekara uku zuwa biyar kafin a tona. Ke nan duk inda aka ga kava, hannun mutum ne ya kai ta. Binciken masana irin su Vincent Lebot ya nuna an fara nomanta a arewacin Vanuatu kimanin shekara 3,000 da suka wuce, daga nan ta bi kwale-kwale zuwa Fiji, Tonga, Samowa, Hawai da Ponape. Batun sinadaranta kuwa, a bar wa masu ɗakin gwaji.

Ni abin da ya ɗauke mini hankali ba ruwan ba ne, jerin masu sha ne. Mutanen nan sun yi ƙarni bisa ƙarni ba su da rubutu, amma kowa ya san wane ne gaba da wane, wace zuriya ce ta riga zuwa, wa ke da magana a kan ƙasa. Ina suka adana wannan? A zaman kava. Duk zama ana sake karanta shi a bainar jama'a, ƙoƙo bayan ƙoƙo.

A ƙauyen Fiji baƙo ba ya shiga haka siddan. Zai zo da damin busasshiyar saiwa ya gabatar wa sarkin gari, a yi jawabi, a karɓa. Wannan ita ce sevusevu, kuma daga lokacin ya shiga amanar gari. Sai a zauna a kan tabarmi, a ajiye tanoa, wato babban akushin katako mai ƙafafu, da wata igiyar zaren kwakwa mai farin wuri a bakinta, a miƙe ta tana nuna babban baƙo ko sarki. Ba mai tsallake igiyar nan. Mai rabo ya ɗebo a ƙoƙon kwakwa ya durƙusa ya miƙa. Mai sha ya tafa hannu sau ɗaya, ya karɓa da hannu biyu, ya shanye ba tare da ya sauke ba, sannan a tafa sau uku. Bayan sarki sai mai magana da yawunsa, sannan na biye, shi ma da nasa mai magana. A kuskure wannan jeri a ga yadda fuskoki za su canja. Da irin wannan dami ake zuwa neman aure, da shi mai laifi ke zuwa neman gafara.

A Tonga abin ya kai maƙura. Yadda a ƙasar Hausa sai an naɗa rawani mutum ke zama sarki, a can sai an kira shi da sabon sunan sarautarsa a da'irar kava, ya tafa, ya sha. Sarki Tupou na Shida an sa masa kambi a coci ranar 4 ga Yuli, 2015, amma mako guda kafin nan an yi taumafa kava, zaman da hakimai suka jeru kowa a gurbin kakanninsa, sarki a can gaba, akushi daura da shi daga nesa.

Su kansu mutanen Tonga suna da labarin asalin wannan abu, kuma ina ganin duk wanda ya ji shi zai daina yi wa kava kallon abin shaƙatawa. Suka ce wata rana sarki ya sauka a ƙaramin tsibirin Eueiki a lokacin yunwa. Wasu mata da miji, Fevanga da Fefafa, ba su da abin da za su tarbe shi da shi sai gwaza guda ɗaya, shi ma sarki ya jingina da shi yana hutawa, ba damar taɓawa. Sai suka yanka 'yarsu tilo, Kava'onau, wadda ke fama da kuturta, suka sa ta a ramin gashi. Da labari ya kai kunnen sarki, ya ƙi ci, ya ce a bar ramin a rufe ya zama kabarinta. Daga baya tsiro biyu suka fito a wurin. Wani ɓera ya gutsuri ɗaya ya kama tangaɗi, ya gutsuri ɗayan ya wartsake. Na farkon kava, na biyun rake. Labari ne mai tayar da tsigar jiki, amma ka ga nauyin da ke cikinsa ya hau kan ɓangare biyu: talaka ya ba da mafi tsadar abin da ya mallaka, sarki kuma ya hana kansa ci.

A tsibirin Tanna na Vanuatu kuwa ba jerin sarauta ake ji da shi ba, kakanni ake nema. Da rana ta faɗi maza kan taru a fili ƙarƙashin manyan itatuwa, wurin da ake kira nakamal. Mutum ya shanye, ya fesar da kurɓar ƙarshe yana faɗa wa magabata buƙatarsa, ruwan sama ko lafiyar gona, sannan kowa ya yi tsit. 'Yan mishan sun fahimci ibada ce, shi ya sa suka hana ta a farkon ƙarni na 20, kuma da wata ƙungiyar mutanen tsibirin da ake kira John Frum ta taso wajen 1940, komawa ga kava na cikin abin da ta fara kira a yi. A Samowa, inda kusan kowa Kirista ne, har yau mai sha kan zuba 'yan ɗigo a ƙasa da addu'a kafin ya kai baki.

Turawa sun sa kava a ƙwayoyin magani, Jamus ta hana sayar da su a 2002 bisa zargin cutar da hanta, kotu ta soke hanin a 2014, manoman tsibiran suka sha asara a tsakani. Su kuwa masu abin ba su fasa ba. A birnin Okland na Niyu Zilan da garuruwan Amurka, 'yan Tonga masu ƙwadago kan shimfiɗa tabarma a garejin mota da dare, su zauna da'ira, su yi waƙa, su haɗa kuɗin makarantar yara da na ginin coci a gida. Ko a garejin, in akwai limamin coci ko mai sarauta a wurin, shi ake fara miƙa wa.