Nandigram: Mazaɓar da ta ɗaga Mamata Banerjee, ta kuma kayar da ita

Nandigram ɗaya ce daga cikin mazaɓu 294 na Majalisar Dokokin Jihar Bengal ta Yamma a ƙasar Indiya. Tana gundumar Purba Medinipur, kuma akasarin mazaunanta manoma ne. A tsarin Indiya, jam'iyyar da ke da rinjaye a majalisar jiha ita ce ke fitar da babban minista, wanda yake riƙe da ragamar mulki. Saboda haka kujera ɗaya tana iya girgiza gwamnati.

A zaɓen 2006, jam'iyyar CPI ta 'yan gurguzu ce ta lashe kujerar. Al'amura sun sauya a 2007, lokacin da gwamnatin Buddhadeb Bhattacharjee ta yi yunƙurin karɓe gonaki domin kafa yankin masana'antun sinadarai tare da kamfanin Salim na Indonisiya. Manoma suka ce ba za ta saɓu ba. Ranar 14 ga Maris, 'yan sanda suka buɗe wuta, mutum 14 suka rasa rayukansu. Daga bisani aka janye shirin daga yankin.

Wannan jini da aka zubar shi ne ya buɗe wa jam'iyyar Trinamool ta Mamata Banerjee hanya. 'Yar takararta Firoja Bibi ta ci zaɓen cike gurbi na 2009, ta sake ci a 2011, shekarar da mulkin ƙawancen 'yan gurguzu na shekara 34 ya zo ƙarshe, Mamata ta zama babbar minista. A 2016 kujerar ta koma hannun Suvendu Adhikari, wanda ya yi fice wajen jagorantar gwagwarmayar manoman.

A Disambar 2020 Adhikari ya sauya sheƙa zuwa BJP. Mamata ta bar mazaɓarta ta Bhabanipur, ta je har gida ta ƙalubalance shi, matakin da ya nuna jarunta amma ya zo da tsada. Ta ji rauni a ƙafa a Nandigram, har ta ci gaba da yaƙin neman zaɓe a keken guragu. Da aka ƙidaya ƙuri'u ranar 2 ga Mayun 2021, Adhikari ya yi nasara da ratar 1,956 kacal, duk da cewa Trinamool ta samu kujeru sama da 200 a faɗin jihar.

Mamata ta garzaya Babbar Kotun Kalkata tana ƙalubalantar sakamakon. Kundin tsarin mulki ya yarda wanda ba ɗan majalisa ba ya riƙe muƙamin minista na wata shida kawai, don haka sai da ta koma Bhabanipur ta ci zaɓen cike gurbi kafin wa'adin ya cika. Shi kuwa Adhikari ya zama jagoran 'yan adawa a majalisar.