Ciwon Kunne: Abin da Gida Zai Iya, da Inda Iyakarsa Take

Da zarar hunturu ya kama a Kontagora, ƙura ta turnuƙe, mura ta shiga gida-gida, sai ciwon kunne ya biyo baya, musamman ga yara. Yawanci cikin dare yake tashi, lokacin da kemis ya rufe, yaro yana tsala ihu yana jan kunne, uwa kuma ta rasa inda za ta sa kanta. A irin wannan hali ne ake laluben abin da ke kusa: man ja, man gyaɗa, man zaitun, ruwan albasa, tafarnuwa, turare, nonon uwa, wasu ma har kananzir. Niyya mai kyau ce, amma hanyar ba ta ɓullewa. Ana iya sauƙaƙa zafin kunne a gida, kuma ya kamata a yi, sai dai ta baki da ta wajen kunne ake yin sa. Ramin kunnen kansa ba a zuba masa komai sai wanda ya leƙa shi da abin haskawa ya ce a zuba.

Dalilin yana cikin yadda Allah ya tsara kunnen. A ƙarshen ramin akwai dodon kunne, fata ce siririya a ɗame kamar ta kalangu, bayanta kuma akwai ɗan sarari mai iska wanda wata 'yar hanya ta haɗa shi da bayan hanci. A jikin yaro wannan hanya gajera ce kuma a kwance take, shi ya sa idan mura ta toshe ta, ƙwayoyin cuta ke saurin hayewa, mugunya ta taru a bayan dodon kunne tana tura shi. Wannan turin shi ne azabar. To, man da aka ɗiga daga waje bai kai inda ciwon yake ba, domin fatar ta tare shi. Idan kuwa fatar ta riga ta fashe, abin da ba wanda zai iya tantancewa da ido a tsakar gida, to an buɗe wa man da duk dattin da ke cikinsa ƙofa zuwa wurin da bai kamata komai ya shiga ba. Likitoci a Najeriya sun sha ba da rahoton yaran da cutar tetanos mai sarƙe haƙora ta shige su ta kunne mai zubar da mugunya. Hatta maganin ɗigawa na kemis bai tsira daga wannan ba: masu ɗauke da gentamicin ko neomycin suna iya lalata ji idan suka wuce ta fasasshen dodon kunne.

Abin da gida zai yi bai da yawa, amma yana aiki. Farasitamol shi ne kan gaba, gwargwadon nauyin yaro, miligiram 10 zuwa 15 ga kowane kilo, bayan awa shida-shida, kada ya wuce sau huɗu a kwana guda. Ibuprofen ma yana yi, bayan an ci abinci, ban da jaririn da bai kai wata uku ba, ko yaron da zawo da amai suka ƙarar masa da ruwan jiki. Asfirin kuwa ba a ba wanda bai kai shekara 16 ba. A jiƙa tsumma mai tsabta da ruwan ɗumi, a matse, a ɗora a kan kunnen. Yaron da ya yi wayo a ɗaga masa kai da matashi idan zai kwanta. A ci gaba da ba da nono da ruwa. A nisanta shi da hayaƙin murhu da na taba. Tsinken ashana, gashin kaza da tsinken auduga su bar kunne ya huta, don su ne ke ƙuje fatar ramin su jawo wani ciwon daban, irin wanda kan kama masu yawan wanka a rafi.

Wani zai ce, ai kakanninmu da man ɗumi suka raini iyayenmu, kuma ga su suna ji garau. Gaskiya ne da yawa sun warke, amma ba man ne ya warkar da su ba. Mafi yawan irin wannan ciwo yana lafawa da kansa cikin kamar kwana uku, wani ya kai mako, ko an sa wani abu ko ba a sa ba, sai abin da aka ɗiga ya kwashe yabon. Ɗan sauƙin da ake ji na ɗumin ne, kuma tsumma yana ba da shi ba tare da kasada ba. Waɗanda abin bai yi musu daɗi ba kuwa ba a lissafa su a labarin, ana ce musu kurame ne tun suna yara, shi ke nan. Wani rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2004 ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 65 zuwa 330 ne ke fama da kunne mai zubar da mugunya, kashi 60 cikin ɗari nasu suna da raunin ji. Rahotonta na 2021 kuma ya ce kusan kashi 60 cikin ɗari na raunin ji a yara abu ne da ake iya kaucewa.

Ruɗun da ya fi kowanne cutarwa shi ne ɗaukar fitar ruwa a matsayin waraka. Ranar da mugunya ta ɓullo, kukan yakan tsaya, gida ya yi ajiyar zuciya a ce ciwon ya fito. Abin da ya faru shi ne dodon kunne ya yage. Sau da yawa yana haɗewa, amma sai an kula da shi. Abin yi shi ne a naɗe ƙyalle mai tsabta mai shan ruwa kamar lagwani, a sa a bakin ramin ya tsotse ruwan, a canza har ya fito a bushe, sau uku a rana, a hana ruwan wanka shiga, sannan a kai yaron asibiti. Idan zubar ta kai kwana 14, ciwon ya zama daɗaɗɗe. Yaron da ke zaune a bayan aji da irin wannan kunne, malami kan ɗauke shi daƙiƙi ko mai taurin kai, alhali rabin maganar ce ba ta isa gare shi.

Akwai kuma mai cewa asibiti da nisa, ga kuɗin mota, ga halin da hanyoyin Mariga, Rijau da Mashegu ke ciki. Wannan uzuri ne na gaske, ba a raina shi. Sai dai matakin farko ba ya buƙatar ƙwararren likitan kunne. Tsarin kula da cututtukan yara da ake koya wa ma'aikatan ƙananan asibitoci ya ƙunshi ciwon kunne: su duba, su ba da amoxicillin idan ya dace, su tura gaba idan ya fi ƙarfinsu. Wannan ya fi sayen kafso biyu-uku a kemis a daina da zarar zafi ya sauka, abin da ke koya wa ƙwayoyin cuta jure magani. A can ne kuma za a gwada jini, kada a jingina zazzaɓin cizon sauro ga kunne. Katin rigakafi ma yana da hannu a nan: allurar Penta da Najeriya ta fara a 2012, da ta PCV da ta biyo a ƙarshen 2014, da ta ƙyanda, duk suna rage cututtukan da ke kaiwa ga kunne, kuma kyauta ake yin su.

Wasu alamu ba su jiran wayewar gari. Kumburi mai zafi a bayan kunne da ya ture shi gaba yana nufin ciwon ya shiga ƙashi. Sanƙarewar wuya, jijjiga, yawan amai, barcin da ba a iya tashin yaro daga shi, karkacewar baki ko jiri, duk na Babban Asibitin Kontagora ne nan take. Haka jaririn da bai kai wata uku ba idan jikinsa ya yi zafi, da wanda bai kai shekara biyu ba kunnuwa biyu suna ciwo, da duk wanda kwana uku suka wuce bai samu sauƙi ba, da babba mai ciwon sukari. Kunnen da ya ƙi bushewa duk da magani ana tura shi Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Bida, ko Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa da aka kafa a Kaduna a 1999, inda ake gwada ji, ana kuma iya yin aikin liƙe dodon kunnen da ya ƙi haɗewa.