Idon Silikon Mai Farautar Hasken Gamma, da Rabon Katsina a Cikinsa

Ranar 9 ga Oktoba, 2022, hasken fashewar wani tauraro ya iso duniya bayan tafiyar kusan shekara biliyan biyu, ya fi ƙarfin na'urorin da aka girke don auna irinsa, har ya taɓa saman iskar duniya. Ba wanda ya gan shi da ido, domin hasken gamma ne, mafi ƙarfin dukkan nau'o'in haske. Madubi ba ya tattara shi, ratsawa yake yi ya wuce, iskar da ta lulluɓe duniya kuma tana shanye shi kafin ya sauko. Dole mai son ganinsa kai tsaye ya aika na'ura sararin samaniya, ta riƙa bin sawun kowane ƙwayar haske ɗaya bayan ɗaya. Ina ganin aikin ƙera wannan ido ya cancanci jami'o'in Katsina su sa hannu a cikinsa, ko da ba mu da rokar harbawa.

Na'urar Fermi da hukumar NASA ta Amurka ta harba a 2008 tana aiki da siraran layukan silikon kusan 880,000, an shirya su hawa-hawa da fallayen ƙarfen tungsten a tsakani. Idan haske mai tsananin ƙarfi ya bugi ƙarfen, sai ya rikiɗa ya zama ƙwayoyi biyu masu cajin lantarki, su bar alama a kowane hawa, a bi alamun a gano inda hasken ya fito. Dabarar ta yi kyau, amma tana da gibi. Haske mai matsakaicin ƙarfi, irin wanda sabbin sinadaran da taurari ke ƙerawa suke fitarwa, ba ya rabuwa haka. Ture ƙwayar lantarki guda yake yi ya karkace, ita kuwa ƙwayar ba ta nisa take tsayawa. Tun da aka sauko da tauraron ɗan'adam na Compton a 2000, wannan nau'in haske bai sami mai duba shi da kyau ba. Layin silikon irin na Fermi yana faɗin wuri ta fuska ɗaya ne kawai, kuma tsawonsa na jawo hayaniyar lantarki da ke binne ƙaramar alama. Ɗigo kuwa, wato piksil irin na kyamarar wayar salula, yana nuna daidai inda aka taɓa shi. Shi ya sa cibiyar Goddard ta NASA da Cibiyar Fasaha ta Karlsruhe a Jamus suke ƙera idon silikon mai suna AstroPix, mai ɗigo rabin milimita, wanda aka samo tsarinsa daga aikin gwajin ATLAS na cibiyar CERN. Babbar wahalarsu wuta ce. Kowane ɗigo na da nasa ɗan amfilifaya a jikin silikon ɗin, miliyoyinsu na cin wuta suna fitar da zafi, a wurin da babu iskar da za ta sanyaya su. Babbar na'urar Fermi dukkanta wat 650 take ci, bai kai dutsen guga na lantarki ba. Don haka aka ƙara girman ɗigon da gangan, a rage yawansu.

Mai hankali zai ce jihar da ke fama da 'yan bindiga da tsadar abinci ina ruwanta da taurari. Tambayar na da nauyi, kuma ba na cewa a ɗebi kuɗin taki a sayi silikon. Sai dai kyamarar da ke cikin wayar kowane ɗan kasuwa a Ƙofar Ƙaura ta samo asali ne daga binciken NASA na shekarun 1990, ɗigogin Medipix na CERN kuma sun shiga na'urorin ɗaukar hoton cikin jiki. Ɗalibin da ya iya auna hayaniyar ɗigo ɗaya ya kama hanyar gyara injin hoto na asibiti, wanda sau da yawa yakan kwanta ana jiran injiniya daga waje. Wani kuma zai ce wannan ilmin na Turawa ne. Amma Muhammad al-Katsinawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, masanin lissafi da falaki ne, littafinsa kan hatimin lambobi kuwa har yau masu tarihin lissafi na ambatonsa.

Ƙofar shiga ba ta da tsada. Nijeriya ta kafa hukumar sararin samaniya a 1999, ta harba NigeriaSat-1 a 2003, amma hankalinta ya fi karkata ga ɗaukar hoton ƙasa da sadarwa. Bayanan Fermi kuwa a buɗe suke kyauta a intanet, tare da manhajojin tantance su. Sashen kimiyyar fiziks na Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa na iya ɗora ɗaliban digiri na biyu a kansu da kwamfuta da wutar sola, daga nan a nemi haɗin gwiwa da ɗakunan gwajin da ke auna waɗannan ɗigogi kafin a harba su.