Injin Juya Katako: Yadda Yake Aiki, da Yadda Matasa Za Su Haɗa Ƙungiya a Kansa

Yau za mu ajiye zancen sababbin wayoyi mu duba wata na'ura da ta girmi lantarki, amma har gobe ana cin abinci da ita, wato injin juya katako. Idan kana kallon TikTok ko YouTube, da wuya ba ka taɓa cin karo da bidiyon gungumen ice yana juyawa da gudu, mutum ya kanga masa ƙarfe, cikin ɗan lokaci kwano ya fito sumul ba. Za mu ga yadda injin yake aiki, da abin da ƙungiyoyin masu wannan sana'a suke yi, da yadda matasan wuri kamar Babban Duhu a ƙaramar hukumar Safana, ko maƙwabtansu na Batsari, za su amfana da tsarin, da kuma inda wayarka za ta shigo.

Bambancinsa da sassaƙar da muka sani

Sassaƙa ba baƙuwa ba ce a ƙasar Katsina. Masassaƙa ne suke yi mana turmi da taɓarya da akushi da muciya da allo da ƙotar fartanya, da gatari da gizago. A wurinsu icen yana zaune wuri ɗaya, hannu ne yake zagaya shi. A injin juyi kuwa icen ne yake juyawa, kai kuma ka riƙe ƙarfe mai kaifi a kan madogari, kana matsa shi sannu a hankali. Tunda kowane gefe na icen sai ya wuce ta bakin ƙarfen, abin da ya fito dole ya zama zagayayye daidai wa daida. Ƙafafun gado da na tebur masu ƙwalo-ƙwalo da kake gani wurin kafintocin Katsina da Kano ta haka ake yin su.

Dabarar daɗaɗɗiya ce. A kabarin Petosiris da ke Masar, wanda aka gina kimanin shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa, akwai zanen mutum biyu, ɗaya yana jan igiya ice yana juyawa, ɗaya yana yanka. A kasuwar Marrakesh ta Maroko har yanzu akwai masu juya ice da baka irin ta harbi, suna riƙe ƙarfen da hannu ɗaya da yatsun ƙafa.

Sassan injin da lissafin gudunsa

Injin yana da sassa huɗu. Akwai gado, wato dogon ƙarfen da komai yake zaune a kai. Akwai kai, inda shaf yake juyawa cikin boris biyu. Akwai wutsiya, wadda ake matsowa ta tokare ɗaya ƙarshen icen. Sai madogari, inda ƙarfen yanka yake hutawa. Moto ne yake juya shaf ta hanyar bel da fuli. Mai walda da ya ƙware zai iya haɗa wannan, in dai tsinin kai da na wutsiya sun kalli juna a layi ɗaya.

Yawancin moton da ake samu a kasuwanninmu yana juyi kusan 1,450 a minti ɗaya. Don sanin gudun icen, ka ninka gudun moto da faɗin fulin moto, ka raba da faɗin fulin shaf. Misali, fulin moto inci 2, na shaf inci 4, za ka samu juyi 725 a minti. In na shaf inci 6 ne, gudun ya sauko kusan 483.

Masu sana'ar suna da ƙa'idar da suke bi wajen yin kwano: ka raba 6,000 da faɗin icen a inci, ka kuma raba 9,000 da shi, gudun da ya dace yana tsakanin amsoshin biyu. Akushi mai faɗin inci 10 ke nan yana son juyi 600 zuwa 900. Wannan lissafin na icen da ya riga ya zagaye ne. Gungumen da bai daidaita ba, ko dogon abu irin taɓarya, da gudu kaɗan ake fara shi.

Wayarka za ta iya auna gudun. Ka ja layi da alli a jikin icen, ka ɗauki bidiyo mai tafiyar hawainiya daga gefe. Idan wayar tana ɗaukar hoto 120 a daƙiƙa tana nuna 30, to ta rage gudun sau huɗu. Ka ƙirga sau nawa layin ya wuce cikin daƙiƙa 10 na kallo, ka ninka da 24. In ya wuce sau 30, injinka yana juyi 720 a minti.

Game da wuta, moto mai ƙarfin doki ɗaya daidai yake da wat 746, amma lokacin tashi yana jan ninkin wannan sau da yawa. Shi ya sa ƙaramin janareton cajin waya ba zai tayar da shi ba, haka ma ƙaramar inbata. Inda babu wuta akwai injin ƙafa: a ɗaure igiya a jikin doguwar sanda mai lanƙwasa a sama, a naɗa ta a jikin icen, a ɗaure ƙarshenta a mataki. Ka taka, ice ya juyo ka yanka, ka saki, sanda ta mayar da shi. Da irinsa aka daɗe ana yin ƙafafun kujeru a dazukan High Wycombe na Ingila.

Abin da ƙungiyoyin masu juya katako suke yi

Masu wannan sana'a sun daɗe da gane cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ƙungiyarsu ta birnin Landan ta samu takardar amincewar sarki tun 1604. A Amurka an kafa American Association of Woodturners a 1986, kuma tana da rassa sama da 300. Ayyukan rassan kusan iri ɗaya ne. Sukan haɗu sau ɗaya a wata, wani gwani ya nuna dabara ɗaya a gaban kowa. Kowa yakan kawo abin da ya yi a jera a tebur, a yaba, a gyara masa. Akan ba da aikin wata, a ce kowa ya yi ƙaramin kwano mai murfi, a kwatanta. Akan haɗa sabon shiga da tsohon hannu, a raba ice in an samu, a ara wa juna kayan aiki.

Sai ayyukan taimako. Rassa da dama suna yi wa shirin Beads of Courage gwangwanayen katako masu murfi, inda yara masu fama da doguwar jinya suke adana duwatsun adon da ake ba su bayan kowane mataki na magani. Wasu suna ba da kwanoni ga shirin Empty Bowls, wanda masu ginin tukwane suka faro a jihar Michigan a 1990, ana sayarwa a ciyar da mabuƙata. Wasu kuma suna yi wa yara abin wasa mai juyawa irin katantanwarmu.

Wannan tsari ba baƙo ba ne a wurinmu. Muna da gayya, muna da adashe, masassaƙa kuma suna da Sarkin Sassaƙa. Abin da ya rage shi ne a haɗa su da inji.

Yadda za a tsara ta a Babban Duhu

Matakin farko shi ne a je wurin dattawan masassaƙa. Su ne suka san icen da yake tsagewa da wanda gara take ci, kuma wannan ilimi babu shi a YouTube. Inji ba zai ƙwace musu turmi ba, domin nauyinsa ya fi ƙarfin ƙaramin inji.

Na biyu, kuɗi. A ce mutum 15 ne, kowa yana zuba naira 2,000 a mako, cikin mako huɗu an tara naira 120,000. Inji ɗaya ya isa a fara, a raba ranaku. A rubuta kowace shiga da fita a Google Sheets ko a littafi, a ɗauki hotonsa a tura zauren WhatsApp na ƙungiya, domin rashin bayyana lissafi shi yake fara kashe ƙungiyoyi.

Na uku, abin da za a yi. Na kasuwa akwai taɓarya, muciya, akushi, ƙafafun gado da tebur, 'ya'yan carbi, da mariƙin guduma. Na masu waya akwai mazaunin da ake jingina waya a kai, da ƙahon katako da ake zura gindin waya a ciki. Ƙahon ba ya ƙara wa sifika ƙarfi, sautin yake tattarawa ya turo shi gaba, don haka kada a yi wa mai saye alkawarin abin da ba zai samu ba.

Na taimako kuwa, buƙatar tana ƙofar gida. Hare-haren 'yan bindiga sun raba iyalai da yawa da ƙauyukansu a Safana da Batsari, kuma mai gudun tsira ba ya tsayawa ɗaukar taɓarya. Ƙungiya za ta iya ware rana ɗaya a wata ta yi wa irin waɗannan gidaje kayan girki, ko ta gyara ƙafafun bencinan makarantar firamare, ko ta yi wa tsofaffi sanduna.

A ina za a samo icen?

Wannan ita ce babbar tambaya. Dajin Rugu yana kusa, amma shigarsa kasada ce ga rai. A 2021 gwamnatin Aminu Bello Masari ta hana manyan motoci ɗauko itace daga daji saboda tsaro. Itatuwa masu ƙarfi irin su ƙirya da marke da maɗaci suna ɗaukar shekaru masu yawa kafin su girma, madobiya kuma tun 2017 cinikinta tsakanin ƙasashe yake ƙarƙashin takunkumin yarjejeniyar CITES saboda yawan sara.

Sa'ar da aka yi, injin juyi ba ya buƙatar babban gungume. Rassan dogonyaro da aka rage, mangwaron da iska ta kayar, da guntayen da kafintoci suke zubarwa duk sun isa. Akwai kuma darasi daga Maradi, inda tun shekarun 1980 manoma suka riƙa barin tohon kututture a gona suna gyara shi maimakon ƙonewa, har miliyoyin kadada suka sake samun itatuwa a kudancin Nijar. Ƙungiyar da ta sa kowane ɗanta ya yi haka a gonarsu tana tanadin kayan aikin gobe ne.

Ɗanyen ice ya fi sauƙin yanka, amma yana tsagewa in ya bushe da sauri, musamman da hunturu. Ka raba gungumen ka cire tsakiyar zuciyarsa, domin daga nan tsaga take farawa. Ka fara juya kwanon ka bar kaurin bangonsa kashi ɗaya cikin goma na faɗinsa, ka shafa masa kakin zuma ko narkakken kyandir, ka ajiye a inuwa. Ka riƙa auna nauyinsa kowane mako kana rubutawa a waya. In nauyin ya daina raguwa, ya bushe, sai a mayar da shi kan inji a ƙarasa.

Kiyaye lafiya

Kada a kusanci inji da babbar riga, ko rawani, ko mayafi, ko hannun riga mai lilo, domin abin da ice ya naɗe ba ya saki. A sa kariyar fuska gaba ɗaya, tabarau kaɗai bai isa ba. A sa takunkumin hanci lokacin goga samfefa. Kafin a kunna, a juya icen da hannu a tabbatar bai taɓa madogari ba, kuma a tsaya daga gefe lokacin tashi. Icen da ya riga ya tsage a ajiye shi don murhu. Waya kuma a kafa ta a mazauninta, ba a ɗaukar bidiyo da hannu ɗaya ana yanka da ɗaya.

Talla da ajiyar ilimi

Hoton da aka ɗauka da hasken safe a kan farin ƙyalle, tare da girman kayan da farashinsu, ya isa a fara talla a WhatsApp da Facebook, a karɓi kuɗi ta banki ko wurin mai POS. Sai dai mutanen yankin ba su manta da watan Satumba na 2021 ba, lokacin da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina, har da Safana da Batsari. Saboda haka a sauke bidiyoyin koyo a katin ajiya, a rubuta lambobin masu saye a takarda, kuma kada a saki kasuwar mako.

Idan kai da abokanka kuna son gwadawa, ku fara da abu uku a wannan makon: ku ziyarci masassaƙi, ku tambayi mai walda kuɗin haɗa inji, ku kuma rubuta sunayen waɗanda za su iya zubi. Allah Ya sa albarka a sana'a.